Kundin aikin fenantiridin: ƙulla zobe da hasken fitila

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau Malam ya sa hannu a kan tsarin aikin, shi ya sa na buɗe wannan kundi. Abin da muka sa a gaba shi ne haɗa fenantiridin da danginsa da hasken fitila, a zafin ɗaki, ba tare da iridiyam ba, kuma da yawan da za a auna da giram, ba ɗan abin da ake kankarowa daga gindin kwalba ba.

Fenantiridin zobba uku ne manne da juna a karkace, na tsakiya yana ɗauke da ƙwayar naitirojin guda. Duk wanda ya taɓa rina DNA da etidiyam buromaid ya yi hulɗa da shi ko da bai san sunansa ba, likitocin dabbobi kuma sun san shi a homidiyam da aisometamidiyam, magungunan da ake yi wa shanu allura saboda sammore. Zobba masu naitirojin su ne suka mamaye harkar magani baki ɗaya. Ƙididdigar da rukunin Jon Njardarson na Jami'ar Arizona ya fitar a 2014 ta nuna kashi 59 cikin 100 na ƙananan magungunan da hukumar FDA ta Amurka ta amince da su suna da irin wannan zobe, da suka sake ƙirga na 2013 zuwa 2023 kuwa abin ya kai kashi 82.

Hanyoyin da aka gada duk na wuta ne. Pictet da Ankersmit, waɗanda suka fara samun fenantiridin, sai da suka bi da sinadarinsu ta cikin bututun da ya yi jajur. Hanyar Morgan da Walls ta 1931 tana bukatar POCl3 da dumama mai tsanani, kuma duk wani reshe mai laushi da ke jikin ƙwayar ba ya kai labari.

Mu sawun rukunin Shouyun Yu na Jami'ar Nanjin za mu bi, aikin da suka wallafa a 2015. Ana ɗaukar baifenil, wato zobba biyu da haɗi ɗaya ya riƙe, a dasa masa oksim a gefe, wato reshe mai naitirojin haɗe da oksijin (N–O), sannan a rataya wa oksijin ɗin oksim ɗin wani asid. Haɗin N–O da ke wurin mai rauni ne. Katalis ɗin, wato sinadarin da ke tura haɗin ba tare da shi ya ƙare ba, shi ne Ir(ppy)3 mai ƙarfen iridiyam a tsakiya. Yana haɗiye haske ya hau matakin ƙarfi, ya miƙa wa oksim ilektiron ɗaya. Nan take N–O ya tsinke, ɓangaren asid ya tafi da ilektiron, naitirojin ya rage a matsayin radikal, wato mai ilektiron ɗaya marar abokin zama, wanda ake kira iminil. Shi iminil ba ya zama wuri ɗaya, juyawa yake ya cafki zoben da ke maƙwabtaka da shi, sai zobe na uku ya rufe. Katalis ya karɓe ilektiron ɗinsa, ɓangaren asid ya ɗauke furoton, zoben ya koma aromatik. Ba a zuba wani mai ba da ilektiron ko mai karɓa daga waje. Wannan tsaftar ce ta sa na naci a ba ni aikin.

Iridiyam ne ƙashin wuyan. Yana cikin ƙarafan da suka fi ƙaranci a doron ƙasa, abin da ake haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu. Ga shi kuma ƙa'idar ICH Q3D, wadda ke kula da ragowar ƙarafa a cikin magani, ta taƙaita abin da mai shan magani zai haɗiya zuwa maikirogiram 100 a rana, ke nan duk wanda ya zuba shi sai ya koma ya tsince shi.

Talata, 21 ga Janairu

Kayan farawa sun kammala. Haɗin Suzuki ya ba ni 2-asetilbaifenil, haidiroksilamin ya mai da shi oksim, sannan na rataya masa benzoyil mai CF3, wanda ke jan ilektiron ya sa N–O ya fi saurin karɓa. Farin gari ne, na naɗe kwalbarsa da takardar alminiyam na sa a firji. Da gangan na fara da oksim na kitoni maimakon na aldihaid, domin na aldihaid yana da wata ƙofar gudu: yakan zubar da asid ɗin ya zama naitiril, wani sinadari dabam, maimakon ya rufe zobe. Wannan rigimar tana jira na a gaba, ba sai na gayyato ta yanzu ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Kafin a ce za a kori iridiyam, dole a ga yana aiki a hannunmu. Ir(ppy)3 kashi 1 cikin 100, a cikin ruwan narkarwa mai suna DMF, an kori iska da agon, an kunna shuɗiyar fitilar LED ta nanomita 450 an bar shi ya kwana. Da safe tabon kayan farawa ya ɓace daga farantin TLC, wanda ake ɗiga cakuda a kai don a ga abin da ke ciki, wani sabo ya bayyana a ƙasa yana jan wutsiya, kamar yadda masu naitirojin suka saba yi a kan silika. Ɗigon tiraietilamin a cikin ruwan kolum, bututun silika da ake raba sinadarai da shi, ya gyara wannan. A NMR, awon da ke nuna ginin ƙwaya, metil ɗin ya fito kusa da 3.0, cif inda ake sa ran na 6-metilfenantiridin.

Kwalbar da na rufe a duhu ba ta motsa ba. Wadda ba a sa wa katalis ba ma kusan haka. Wadda na bari da iska a ciki ta yi ɗan abin da ta yi ta tsaya, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda oksijin yana ƙwace ƙarfin katalis ɗin da haske ya ɗaga kafin ya kai ga oksim. Ir(ppy)3 yakan zauna a wannan matakin kusan maikirosakan 2, wanda a duniyar ƙwayoyi dogon lokaci ne, ya ishi oksijin ya riske shi.

Jumma'a, 7 ga Fabrairu

Na gwada 4CzIPN. Rini ne rawaya shar, babu ƙarfe a jikinsa, kuma mataki ɗaya ake haɗa shi daga kabazol. Asalinsa ma ba don wannan aka yi shi ba: rukunin Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu a Japan ne ya fito da shi a 2012 don allon OLED, daga baya masu haɗa sinadarai suka ara, ba su mayar ba.

Malam ya leƙo da yamma ya ce, "To, yaya rawayar taka?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, tana tafiya, amma tafiyar hawainiya."

Ya ɗaga farantin ya duba a ƙarƙashin fitilar UV, ya ce lissafi ma ya faɗi haka tun ba a gwada ba. Gaskiyarsa. Ir(ppy)3 da haske ya ɗaga yana ba da ilektiron da ƙarfin kusan −1.73 V, shi kuwa 4CzIPN bai wuce −1.2 V ba. Wannan rabin bolt ɗin shi ne bambancin kwana ɗaya da kwana biyu, kuma ko a kwana biyun kayan farawa suna nan da saura. Na kuma ga kitonin da na fara da shi ya dawo kaɗan, alamar wasu iminil ɗin sun sato haidirojin daga ruwan narkarwa sun zama imin, ruwa kuma ya warware su lokacin wankewa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Makon nan ba a kan katalis ya ƙare ba. Na cika jerin kwalabe daga cakuda ɗaya, sirinji ɗaya, na jera su gaban fitila ɗaya, amma abin da suka bayar bai yi kama da juna ba. Ta tsakiya ta kusa gamawa, ta gefe ko rabi ba ta kai ba.

Na kashe fitilar ɗakin, na sa jan tabarau na kariya, na tsuguna daidai tsayin kwalaben na duba. Hasken yana faɗa wa ta tsakiya a ƙirji, na kusa da ita yana goge su ne ta gefe, ta ƙarshe kuwa inuwar murfin maƙwabciyarta ta rufe mata rabin ruwa. Bambancin wurin bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Daga nan na cika wata kwalba da DMF zalla na tsoma mata ma'aunin zafi, na rufe akwatin fitilar. Cikin awa ɗaya ta haura digiri 40. Ashe "zafin ɗaki" da muke rubutawa a littafi zafin ɗakin ne kawai, ba na cikin kwalbar ba.

Abin da ke ba ni haushi da rubuce-rubucen wannan fanni shi ne, mutum zai faɗa maka nauyin katalis har zuwa rabin miligiram, ya faɗi kamfanin da ya sayo ruwan narkarwa, amma in ya zo kan haske sai ya ce "shuɗiyar LED" ya wuce. Alhali hasken nan shi ma kayan haɗi ne. Mol ɗaya na foton, wato ƙwayoyin haske, a nanomita 450 yana ɗauke da kusan kilokalori 64, kuma kowane zobe da ya rufe sai da foton ya biya kuɗinsa. Ba wanda zai yarda a rubuta masa "a zuba asid kaɗan", amma ga haske duk mun yi shiru. Giacomo Ciamician, wanda ya riƙa jera kwalabensa a rana a saman ginin Jami'ar Bolonya, ya kuma yi hasashen makomar wannan fanni a jawabinsa na 1912 a birnin New York, shi yana da uzuri, domin ba shi ke da iko da gajimare ba. Mu fa?

Mun yi wa kwalaben mazauni mai zagaye, kowacce nisa ɗaya da fitila, fanka tana busowa daga ƙasa. Yanzu zafin yana tsayawa ƙasa da digiri 30, sakamakon kuma ya daidaita. Duk gwajin da aka yi kafin yau sai an maimaita shi a sabon mazaunin.

Talata, 4 ga Maris

Na auna hasken kansa, da hanyar feri-oksalet ta Hatchard da Parker ta 1956. Gishiri ne kore mai ƙyalli, wanda haske ke mai da ƙarfen cikinsa daga Fe(III) zuwa Fe(II). Ana haɗa shi a duhu da 'yar jar fitila, a haska shi na 'yan daƙiƙu, a zuba masa fenantirolin. Ruwan ya rikiɗe ya yi ja, gwargwadon jan gwargwadon foton ɗin da suka shiga, sai a karanta a nanomita 510. Aiki ne mai cin rai, amma yau ne karon farko da na san yawan hasken da ke shiga kwalbata a daƙiƙa.

Fitilunmu biyu, kamfani ɗaya, lamba ɗaya a jiki, ba su ba da haske ɗaya ba. Tsohuwar ta dusashe sosai, ido kuma ba ya gane hakan ko kaɗan. Na manna mata takarda na ajiye ta gefe.

Da wannan awon na lissafa yawan ƙwayoyin da foton ɗaya ke haɗawa, ya fito ƙasa da 1 da nisa. Dalilin damuwa da wannan lamba shi ne aikin Cismesia da Yoon na Jami'ar Wisconsin a 2015. Sun ɗauki sanannun haɗe-haɗe uku suka auna, suka samu 18 da 44 da 77, ma'ana foton ɗaya yana kunna sarƙa ne, radikal yana haifar radikal ba tare da ya koma wurin katalis ba. Sun kuma nuna cewa gwajin kunna fitila da kashewa, wanda kowa ke sakawa a takardarsa, ba ya kore sarƙa, saboda sarƙar kan mutu cikin ƙasa da daƙiƙa, mai awo kuwa sai bayan mintuna yake ɗiba. Lamba ƙasa da 1 ba ta rufe ƙofar gajeriyar sarƙa gaba ɗaya, amma ta gaya mini abin da nake bukata a aikace: wannan haɗin mayunwacin haske ne, saurinsa yana hannun fitila.

Alhamis, 6 ga Maris

Gwajin Stern da Volmer: ƙyallin katalis yana raguwa yayin da nake ƙara oksim, layin kuma miƙaƙƙe. Ke nan oksim ɗin ne ke karɓa daga katalis kai tsaye. Sai dai gwajin ba ya bambance ko ilektiron aka miƙa ko ƙarfi zalla, kuma rukunin Frank Glorius a Jamus ya nuna ana iya tsinka N–O na irin waɗannan oksim ta hanyar miƙa ƙarfi kawai. Ni zatona ya fi karkata ga ilektiron, saboda da na cire CF3 na bar benzoyil tsura, saurin ya faɗi ƙwarai.

Laraba, 19 ga Maris

An samu ci gaba. Na koma kan rinayen da rukunin Kirsten Zeitler na Jami'ar Laifzig ya jera a 2018, na ɗauko 3DPA2FBN, wanda ke ba da ilektiron da ƙarfin kusan −1.6 V, dab da iridiyam. A ƙarƙashin fitilar 450 bai burge ni ba, har na fara tunanin ajiye shi. Da na ɗora zanen hasken da yake sha a kan zanen hasken da fitilar ke fitarwa, sai na ga da ƙyar suka taɓa juna. Rinin ya fi son haske mai gajeren zango, wajen shuɗi mai duhu. Na canza zuwa fitilar 405, ya gama a dare ɗaya, abin da ya fito kuma ya yi kafaɗa da kafaɗa da na iridiyam.

Wannan ya sa nake kallon teburan "gwajin katalis" da ake bugawa da wani ido. A jera rini iri-iri gaban fitila ɗaya a ce wane ya fi wane, alhali wasunsu ko ganin hasken ba su yi ba.

Fitilar 405 tana da nata sharrin. Foton ɗinta ya kai kusan kilokalori 71, kuma kwalbar da ba katalis ta fara nuna ɗan motsi, don haka dole gwajin "babu katalis" ya biyo kowane sabon kayan farawa. Na kuma bar DMF na koma asetonaitiril. Tarayyar Turai ta ƙuntata amfani da DMF tun Disambar 2023 saboda illarsa ga haihuwa, ban da wahalar fitar da shi daga kayan da aka haɗa. Kitonin da ke dawowa ma ya ragu, tunda asetonaitiril ba ya sakin haidirojin cikin sauƙi.

Laraba, 2 ga Afrilu

Jerin dangi, wato baifenil masu reshe iri-iri a zobensu. Masu metil, metoksi, fuloro da kuloro a matsayin para, wato daura da mahaɗar zobban, duk sun rufe lafiya, kuloro kuma bai fita ba, wanda ya yi mini daɗi domin ana iya ɗora wani abu a wurinsa daga baya. Masu reshe a matsayin meta, wato kusurwar da ke gefen para, sun ba da 'yan biyu, saboda iminil yana da gefe biyu da zai kama kuma ba iri ɗaya suke haifarwa ba. Raba su ya cinye mini kolum mai tsawo. Mai naitiro ya ƙi sam, shi ke shanye ilektiron ɗin.

Talata, 15 ga Afrilu

Na ɗauki abin da ke gamawa a dare ɗaya cikin mililita 2, na zuba a tulun gilashi na mililita 100. Bayan kwana biyu yana nan da sauran aiki. In ka duba tulun daga sama fitila tana kunne, za ka ga siririn da'ira mai ƙyalli manne da bangon gilashin, cikin kuwa duhu. Dokar Beer da Lambert ce ke aikinta. A ɗauki Ru(bpy)3, wani katalis mai aiki da haske wanda kowa ya san lambobinsa: ƙarfin shan haskensa a nanomita 452 kusan 14,600 ne, don haka a milimola 1, milimita ɗaya ta farko tana shanye fiye da kashi 96 cikin 100 na hasken. Sauran ruwan zaman jira yake har maganaɗisun juyawa ya kawo shi bakin bango.

Ɗalibar da ke taya ni ta ce, "Yaya, ko mu ƙara katalis?" Na ce mu rage dai. Ta yi mini kallon wanda ya zauce. Da muka rage shi zuwa kashi ɗaya bisa huɗu na da, hasken ya ƙara nutsawa ciki, saurin ya ɗan ƙaru. Amma wannan rage zafi ne kawai.

Maganin shi ne a daina kai haske wurin ruwa, a kai ruwa wurin haske. Tun 2005 rukunin Kevin Booker-Milburn na Jami'ar Biristol ya nuna yadda ake naɗa siririn tiyo mai barin haske ya ratsa a jikin fitila, a riƙa tura ruwan da famfo. Mun naɗa tiyon PFA mai faɗin ciki milimita 0.8 a jikin wani gilashi, fitila a tsakiya, fanka a ƙasa. Abin da ke cin dare ɗaya ya koma ƙasa da awa ɗaya a cikin tiyon. Giram na farko ya sauka a kwalba jiya da la'asar.

Matsala ɗaya ta ɓullo: asid ɗin da ke fita ba ya son zama cikin asetonaitiril, yakan fito da ƙananan allurai farare a ƙarshen tiyon, wurin da ruwan ya huce, har famfon ya fara kuka. Ɗan lutidin, sinadari mai kashe kaifin asid, da muka zuba ya riƙe shi a narke.

Litinin, 5 ga Mayu

Na fara tirisferidin, alkaloyid ɗin da ake samu a tsirran dangin Amaryllidaceae, wanda shi ne zakaran gwajin aikin. Daga 6-buromofiferonal aka taso, Suzuki, oksim, benzoyil, kamar sauran. Bambancinsa shi ne oksim na aldihaid ne, kuma ƙofar da na kauce wa a Janairu ta buɗe. A tiyon, da lutidin a ciki, mafi yawan abin da ya fito naitiril ne. Na'urar IR ta nuna shi ƙarara kusa da 2220, a TLC kuma yana can sama, ba ya jan wutsiya.

Na naɗe kwalba ɗaya da alminiyam, na sa mata lutidin, na ajiye ta a digiri 40 babu haske ko kaɗan. Naitiril ya fito. Wadda ba lutidin, a sanyi, ta zauna lafiya. Ke nan yawancin ɓarnar ba ta haske ba ce, lutidin da zafi ne suka haɗa baki. Abin da ya warware mana toshewar tiyo shi ne ya buɗe wannan.

Na cire lutidin, na ninka ruwan narkarwa don asid ɗin ya zauna a narke, na tsoma naɗin tiyon cikin ruwan sanyi mai kewayawa a digiri 15. Yanzu tirisferidin ne ke rinjaye, alamar OCH2O ɗinsa ta fito kusa da 6.2, furoton ɗin da ke gefen naitirojin kuma ya haura 9. Naitiril bai ƙare ba, amma raba su ba ya bukatar kolum: ruwan HCl yana ɗauke tirisferidin tunda naitirojinsa yana karɓar furoton, ya bar naitiril a baya, sai a mayar da shi da soda.

Ruwan sanyin da gilashin da aka ƙara sun shiga tsakanin fitila da tiyo, don haka awon Maris bai shafi wannan tsarin ba. Gobe zan tura feri-oksalet ta cikin tiyon a sabon yanayinsa, sannan in rage gudun famfo in ga ko ragowar kayan farawa za su ƙare kafin naitiril ya ƙaru. Malam yana son daftarin sashen hanyoyin gwaji kafin ƙarshen wata, kuma mun yi matsaya cewa zangon hasken, nisan fitila, yawan foton a daƙiƙa da zafin cikin ruwan duk za su shiga teburi ɗaya da nauyin katalis.